Muhawara: Wa ke tsayawa wa mutane idan daji ya kama da wuta?

Maman Hanifa (Kano):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga 'yan'uwanmu da ke Kanada. Duk shekara idan zafi ya shigo musu sai mu riƙa ganin gobarar daji a labarai, a ce an kwashe mutanen gari kaza gaba ɗaya. To mutum dubu ashirin ko hamsin da aka tayar rana tsaka, ina suke kwana? Wa ke ba su abinci? Gwamnati ce ke ɗaukar komai ko jama'a ne? Na tambaya ne don kaka ta kusa, kuma kun san halinmu a zauren nan: sai wuta ta gama cinye wa mutane rumbu sannan a fara tura lambar akawun.

Baban Sadik (Edmonton):
Wa alaikumus salam Hajiya. Wadda zan iya ba ki labari ita ce ta Fort McMurray a 2016, domin garinmu akasarin mutanen suka gudo.

Fort McMurray gari ne a arewacin lardin Alberta, daji ya kewaye shi ta ko'ina, yawancin mutanensa kuma aikin haƙar mai ne ya kai su. Ranar 1 ga Mayu aka fara hango wutar ta kudu maso yammacin garin. Ranar 3 ga wata ta shiga unguwanni. A ranar zafi ya haura digiri 32, abin da ba a saba gani ba a farkon Mayu a can, daji ya bushe ƙayau, ga iska. Hukuma ta ce kowa ya fita. Mutum wajen 88,000, alhali babbar hanya ɗaya tak ta ratsa garin, mai lamba 63. Daga can zuwa Edmonton kilomita 430 da 'yan kai, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja.

Abin da ya fara ƙarewa fetur ne. Mutane sun fito da abin da ke cikin tankinsu, cunkoso ya cinye shi, motoci suka yi ta mutuwa a gefen hanya da yara a ciki. A nan jama'ar gari suka nuna halinsu. Manoma da direbobi da masu gareji suka cika jarkoki, suka ɗora a bayan a-kori-kura tare da ruwan sha da abinci, suka bi hanya suna zuba wa mutane kyauta. Ba wanda ya aike su, a Facebook suke sanar da juna inda ake buƙata. Waɗanda wuta ta tare wa hanyar kudu suka yi arewa, kamfanonin mai suka buɗe musu sansanonin ma'aikata. Daga baya aka kwashe wasu a jirgi, saura 'yan sanda suka riƙa rako su ayari-ayari ta cikin garin da ya ƙone.

Gidaje da gine-gine kimanin 2,400 suka tafi. Amma wutar kanta ba ta kashe mutum ko ɗaya ba. Matasa biyu ne suka rasu a haɗarin mota wajen gudun.

Batun kwana kuwa, gwamnati ta buɗe babban zauren baje koli a nan ta jera gadaje, amma mutane da yawa a gidajen dangi da na baƙin da ba su taɓa gani ba suka sauka. Jama'ar masallacin Al-Rashid, waɗanda asalin masallacinsu na 1938 shi ne na farko da aka gina a Kanada, su ma suka buɗe ƙofa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Maman Hanifa (Kano):
Ikon Allah. Mutum 88,000 a hanya ɗaya. Kai wane aiki ka yi a ciki, Baban Sadik?

Baban Sadik (Edmonton):
Tantance kayan sadaka aka sa mu, kuma a nan na ga abin da nake so zauren nan ya ji. Buhunan leda sun kai rufin ɗaki. Ka buɗe wannan ka ga takalmi ƙafa ɗaya, ka buɗe wancan ka ga rigunan sanyi masu kauri alhali zafi ake yi, wani ma tsofaffin kamfai ya ƙullo. Mutane sun mayar da abin hanyar share ɗakunansu. Su kuwa waɗanda suka gudo, abin da suke tambaya daban: cajar waya, buroshi, sabon kamfai, audugar mata, madarar jarirai, da maganin hawan jini ko na suga da aka bari kan tebur. Wata dattijuwa tabarau kawai take nema, don ba ta iya karanta takardar da aka ba ta ta cike. Hannayen da ya kamata su zauna da irinta suna can suna ninke tsummokara.

Abin da ya share wa mutane hawaye kuɗi ne. Gwamnatin lardi ta ba kowane babba dalar Kanada 1,250, yaro 500, a kati. Red Cross ta ƙara 600 ga babba, 300 ga yaro. Kowa ya je ya sayi abin da ya san yana buƙata.

Na-Fagge:
Duk na ji, kuma Allah ya saka wa masu jarka. Amma Yaya, ka duba abin da ka faɗa da bakinka. Gwamnati ta ce a fita, gwamnati ta jera gadaje, 'yan sanda suka yi rakiya, gwamnati ta raba kati. Masu sa-kai cike gurbi kawai suka yi. Mu nan fa? Ka kira 'yan kwana-kwana su ce ba mai a mota, ko su iso da rabin tanki bayan kasuwa ta zama toka. Ni abin da ke ba ni haushi da wannan wa'azin na aikin sa-kai shi ne yana sauke wa masu mulki nauyi. Mu biya haraji, mu haƙa rijiya, mu yi sintiri da dare, yanzu kuma mu kashe gobarar daji? To su aikinsu me?

Ɗan Dakoro:
Malam Na-Fagge, maganarka gaskiya ce, amma wuta ba ta jiran a gama wannan shari'a. Bari in gaya muku yadda abin yake wajenmu, don ku na birni kun ɗauka gobarar daji abin Turawa ce.

Arewacin Dakoro a ƙasar Nijar, wajen Bermo da Gadabeji, har Abalak da Cintabaraden, ƙasar kiwo ce. Abin mamaki, shekarar da damina ta yi kyau ita ce ake fargaba. Ciyawa ta fito ta rufe ƙasa ba tsinkewa, ruwa ya ɗauke, karangiya ta bushe, iskar hunturu ta taso daga gabas. Garwashi ɗaya ya isa. Da dare kana hango jan wutar daga nesa, kafin safiya ta ci tafiyar yini. Babu motar kwana-kwana da za ta iso can, ko ta iso ba ruwan da za ta ɗiba. Mutanen rugage da ƙauyuka ne ke fita, kan raƙuma da babura, da ɗanyen reshe da tsohon bargo da shebur, suna bugu suna watsa rairayi. Ma'aikatan gandun daji da sojoji kan zo idan labari ya kai su, amma na farko a wurin kullum masu bisashe ne.

Kuma Hajiya, ki lura da wannan. Makiyayi ba gida yake asara ba, bukkarsa a yini ɗaya zai sake ta. Cimakar bisashensa ce ta wata bakwai ko takwas ta tafi a dare ɗaya. Daga nan ko ya karyar da su a kasuwa, ko ya gangaro kudu da wuri tun manoma ba su gama kwashe amfanin gona ba, kun kuwa san abin da ke biyo baya. Wanda ya aiko masa da atamfa bai san ciwonsa ba. Dusa yake nema.

Na-Fagge:
To su wa ke sa wutar? Mu daina kewaye-kewaye. Kowa ya san Fulani ne ke cinna wa daji wuta don sabuwar ciyawa ta tsiro.

Ɗan Ardo:
Haba Malam. Mutum ya ƙone abincin shanunsa da hannunsa? Je ka tambayi yaran da ke fita farautar gafiya da zomo da ashana a aljihu. Ka tambayi masu ɗebo zuma da ke hura wa amya hayaƙi su jefar da bakin wutar. Ka tambayi masu gawayi, da manomin da ke ƙona sharar gona iska ta ƙwace masa, da direban da ke wurgo guntun taba ta taga. Komai ya lalace a daji sai a ce mu.

Na-Fagge:
Ni da idona na gani a hanyar Birnin Gwari, ba labari aka ba ni ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi hattara. Ba a kama sunan ƙabila a zauren nan, dokarmu ce tun farko.

Kuma tunda maganar sa-kai ake, ku tuna abin da ya faru a Aljeriya cikin Agustan 2021. Gobarar daji ta kashe aƙalla mutum 90, yawanci a yankin Tizi Ouzou, har da sojoji 33 da suka je ceto. Wani saurayi ya taso tun daga garin Miliana don ya taimaka. Aka yaɗa cewa shi ke sa wutar. Taron jama'a suka fizgo shi daga motar 'yan sanda suka kashe shi, wasu na ɗauka a waya. A 2022 kotu ta yanke wa mutum 49 hukuncin kisa a kan wannan. Da "kowa ya sani" aka fara.

Kawu Malamin Daji (Bauchi):
'Ya'yana, ku bar ni in raba ku, don wannan aikin na yi har na yi ritaya. Kowannenku ya faɗi gaskiyar inda ya sani.

Ciyawa iri biyu ce. Akwai mai saiwa da ke rayuwa shekara da shekaru, irin gamba. Ita idan wuta ta bi ta kanta da sauran laima a ƙasa, cikin 'yan kwanaki za ka ga toho kore shar. A irin wannan daji, kudancin Bauchi, Kaduna, Neja, lallai wasu makiyaya na sa wuta don tohon, Na-Fagge bai yi ƙarya ba. Akwai kuma mai fitowa daga iri duk damina ta mutu da rani, irin karangiyar da Ɗan Dakoro ya ambata. Ita in ta ƙone ta ƙone ke nan sai wata damina, har irin da ya zuba ƙasa wuta na iya lalatawa. Makiyayin can ba zai sa mata wuta da gangan ba sai in ya haukace. Nasu yawanci tsautsayi ne: garwashin shayi da ba a binne ba, ko yara masu girki.

Ni kuma ina da ra'ayin da ba kowa ke so ba. Dokar da ta ce kada a sa wuta a daji kwata-kwata, a dajin kudu, ba ta aiki kuma ba ta da amfani. In ka hana wuta a Nuwamba, ciyawa ta taru ta bushe, za ka same ta a Fabrairu ko Maris, lokacin da take tashi sama da tsayin mutum ta kashe kaɗanya da ɗorawa. Mu da muna yin ƙunar farko: ruwa na ɗaukewa, ciyawa ba ta gama bushewa ba, da yamma lis iska ta kwanta, a sa wuta yanki-yanki. Tana tafiya a hankali, raɓar dare ta kashe ta. In babbar wuta ta zo daga baya sai ta tarar da wuraren da ba abin ci.

Ɗan Ardo:
Na gode Baba. Haka ne, a kudu ana yi, ban musa ba. Amma a faɗi na kowa.

Alhajin Tamale:
Salamu alaikum. Mu a Gana an gwada abin da kuke magana a kai, har doka aka yi. Duk wanda ya yi wayo a 1983 ba zai manta ba. Fari ya zo, wutar daji ta bi gonakin koko da na abinci ta cinye, a shekarar kuma gwamnatin Shagari ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida ba abin da za a ba su. Yunwar da aka sha ba a magana. Shi ya sa gwamnatin Rawlings ta kafa dokar wutar daji, aka sake ta a 1990, aka ce kowane gari ya kafa rundunar 'yan sa-kai ta kashe wuta, hukumar kwana-kwana ta koya musu aiki.

Inda sarki ya riƙe abin da gaske ya yi aiki. Na san ƙauyen da ba ka isa ka sa wa gonarka wuta ba sai ka gaya wa 'yan sa-kai sun zo sun tsaya, sun duba ka share gefe. Wanda ya yi gaban kansa tara ce, akuya ko kuɗi. Amma wurare da dama abin ya mutu. Saurayi ya fita kashe wuta da silifas, ya ƙone, ba mai biya masa magani. Ya kama mai laifi, washegari a sake shi don ɗan'uwan wani babba ne, su haɗu a kasuwa yana masa dariya. Shekara biyu sai ka nemi runduna ka rasa. Takalmin roba da adda kawai suke roƙo, ba albashi ba.

Na-Fagge:
To kun ji. Abin da nake faɗa ke nan, Alhaji ya ƙarasa mini. Ba hukuma a bayanka, sa-kai wahalar banza ce.

Ɗan Dakoro:
Tsaya Malam, akwai ɗaya gefen. Wajenmu hukuma da ƙungiyoyin agaji sun shigo, kuma shigowar ta zo da nata ciwon.

Maganin da muka sani shi ne hanyar tare wuta. Ana share ciyawa ƙal har sai ƙasa ta fito, faɗin kamar taku ashirin, a miƙe kilomita da kilomita, a gicciye wa iskar hunturu. Da manjagara ake yi, wani wuri a ɗaura wa raƙumi ko shanu reshen ƙaya su ja. Ciyawar da aka tara ba a zubarwa, a ɗaure ta a ajiye, da bazara kuɗi ce. Wuta in ta iso ta rasa abin kamawa, ko ba ta mutu ba ta rage ƙarfi har mutane su iya da ita.

Da gayya ake yi a kewayen gari da rijiyoyi. Sai aka fara biyan kuɗi kan kowane kilomita. Ba laifi, talaka ya samu na hatsi, matasa sun rage tafiya cin rani. Amma yanzu ka ce a fito gayya, sai a ce maka a jira masu kuɗi. Su kuma kuɗin nasu sai an yi takardu, an sa hannu a Yamai, kafin su iso ana cikin sanyi. Wuta kuwa tun Oktoba take farawa. Na taɓa ganin ana share hanyar tare wuta a tsakiyar filin da ya riga ya ƙone, don a cika kilomitan da aka rubuta.

Maman Hanifa (Kano):
Innalillahi. Wannan kuma ai wasa da hankali ne.

Sista (Zariya):
Ni ta ɓangarena zan yi magana. Duk kuna maganar masu fita bugun wuta, ba wanda ya ambaci waɗanda ke baya. Wanda ya fi shan wuya a gobara shi ne wanda ba ya iya gudu: tsohuwa mai ciwon ƙafa, makaho, mai jego, mai tsohon ciki, da yaran da iyayensu suka tafi kasuwar wani gari. In maza duk sun ruga daji, wa ya san suna ɗaki? Wannan aikin mata da 'yan mata za su iya, kuma ba ya cin ko sisi. Tun kafin lokaci a san gida nawa ke da irin waɗannan, a ce wance ke da alhakin wance, a san filin da za a taru, a san amalanken wa za a ɗauka.

Na biyu hayaƙi. Masu asma da ƙananan yara da tsofaffi kan zo mana asibiti kwana biyu bayan wuta ta mutu, ƙirji ya toshe. A kawar da su daga inda iska ke kai hayaƙin tun da wuri. Don Allah kuma in mutum ya ƙone a zuba masa ruwa mai tsabta, mai sanyi amma ba ƙanƙara ba, a daɗe ana zubawa kamar minti ashirin, a rufe da ƙyalle mai tsabta a kawo shi. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da bakin mai. Rabin aikinmu wanke abin da aka shafa ne.

Baban Sadik (Edmonton):
Sista ta tuna mini da dabbobi. A Fort McMurray mutane da yawa suna wurin aiki aka rufe hanyar unguwarsu, karnuka da kyanwoyi na kulle a gida. Sai da aka haɗa masu sa-kai da masu gyaran makulli, suna bi gida-gida da izinin masu shi, suka fito da ɗaruruwa. Na san wani zai yi dariya, amma ku mayar da shi tumaki a turke. Wa zai kwance su?

Sannan ga abin da aka gano bayan an binciki gidajen da suka ƙone. Yawancinsu ba harshen wutar dajin ne ya taɓa su ba. Tartsatsi ne iska ke ɗaukowa daga nesa, ya faɗa kan busasshen ganye a indararo, ko itacen da aka jingina da bango, gida ya kama, ya kunna wa na kusa da shi. Shi ya sa shirin da suke kira FireSmart ya nace a kan mita ɗaya da rabi na kewayen gida, kada a bar komai mai kamawa a nan, itacen hura wuta kuma a kai shi nesa. Unguwa kan sa rana guda a fito a yi sharar tare. An fara barin mutane su koma garin ranar 1 ga Yuni, ana saura 'yan kwanaki azumi, kuma wutar ba a ce ta mutu murus ba sai Agustan 2017, don ta shige ƙarƙashin ƙasa ta yi ta ci har cikin sanyi.

Kawu Malamin Daji (Bauchi):
To ka ji, ɗana, wannan ta shafe mu kai tsaye. Shiga kowane ƙauye bayan girbi ka gani. Karan dawa an jingine shi jikin danga, danga ta taɓa rumbu, rumbu da jinkar ciyawa, harawa a kan rufin ɗaki, bayan gida kuma ciyawa ta taho tun daga daji ba inda ta yanke. Tartsatsi ɗaya, abincin shekara ya tafi. Raba kara da rumbu da share bayan gari aikin safiya biyu ne ga samarin unguwa, ba sai an jira Abuja ko Yamai ba.

Amma masu cewa a tara samari a tura su kashe wuta, a bi a hankali. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na ga abin da zafin kai ke jawowa. Ba a tarar wuta ta gaba inda iska ke kora ta. Ta baya ake bi, kana tsaye a inda ya riga ya ƙone, ana matse ta ta gefe da gefe. Ba a gudu a hau tudu, don wuta ta fi sauri wajen hawa. In ta rutsa ka, inda ya ƙone shi ne mafaka. Rigar leda irin ta 'yan ƙwallo narkewa take ta manne da fata, a sa ta auduga. A ware mutum ɗaya, dattijo, wanda ba ya bugu, aikinsa kallon iska kawai, in ya ce a janye a janye ba gardama. A ƙirga mutane kafin a shiga, a ƙirga bayan an fito. Sa wuta don ta tari wata wutar kuwa, wanda bai taɓa yi tare da masani ba kada ya soma, nan ne ake mayar da gobara ɗaya biyu.

Wani abin kuma da ba ma son faɗa: dazuzzuka da yawa yanzu ba mai iya shiga saboda 'yan bindiga. Ko ni ba zan ce wa ɗan kowa ya je share hanya cikin dajin Rugu ko Kamuku ba. A tsaya bakin gari da gonaki.

Maman Hanifa (Kano):
Allah ya ƙara girma Kawu. To ni ga shawarata. Abin da ya rage a asusun zaure, maimakon mu ajiye shi muna jiran a turo hoton toka, mu zaɓi ƙauye biyu, ɗaya wajen su Ɗan Dakoro ɗaya wajen su Kawu. A sayi manjagara da shebur da takalma, a dafa wa masu gayya abinci. Kayan sawa kuma a daina tarawa sai in an tambaya.

Na-Fagge:
Ban ƙi ba Hajiya, zan ma ƙara nawa. Amma da sharaɗi biyu. A rubuta wa ƙaramar hukuma takarda a ce ga abin da muka yi, ina nasu, a ajiye kwafi. Sannan a faɗa mini hannun wa kayan za su zauna. Na sha ganin an raba shebur ranar Juma'a, ranar kasuwa ka gan shi an kasa.

Alhajin Tamale:
Kada ku ba mutum ɗaya. A ajiye a zauren mai gari, a shafa musu fenti mai kala, liman ya faɗi adadinsu a masallaci kowa ya ji. Kuma ku ware wani abu na maganin wanda ya ji rauni tun yanzu, shi ne abin da ya kashe namu.

Ɗan Dakoro:
Abinci kawai, ko da ɗan abin sayen goro? In kuka ba da kuɗi a hannu, baɗi ba mai fitowa sai an biya. In ba ku ba da komai ba, samarin da za su yi aikin sun tafi Agadas ko Kano neman kuɗi kafin lokacin. Ni kaina ban yanke ba.

Ɗan Ardo:
A bar musu ciyawar da suka share, kowa ya ɗaure tasa ya sayar da bazara. Kuma a kira ardo a zaman farko tare da mai gari, ba sai an gama shawara a aika masa ba. Hanyar nan in ta bi ta kan burtali ba a tambaye mu ba, rigima za a sake.

Na-Fagge:
Wannan kam na yarda da kai.

Kawu Malamin Daji (Bauchi):
Ɗan Dakoro, ku naku ruwan ya riga namu ɗaukewa, don haka da ku za a fara. Ka tambayo kuɗin manjagara wajen maƙera ranar kasuwa, ba na kanti ba, na kanti haƙoransa ba sa kwana biyu a ƙasa mai tauri. Ka kuma tambayi tsofaffin garin ta ina wuta ta saba shigo musu, su suka san inda za a ja layin.

Ɗan Dakoro:
To Baba. Zan shiga kasuwa wannan makon in Allah ya so. Hajiya, ƙauye nawa ne a ƙarshe, ɗaya ko biyu? Don in san guda nawa zan yi ciniki.